Kwana goma da baƙo na 17

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Da misalin ƙarfe 11:30 na safe saba ta sanƙare. Ɗalibai 22 na zaune gaban allunansu, sai komai ya tsaya cak a lokaci guda. Na shiga ɗakin ciki da sauri. Fankokinta na juyawa, fitilun gabanta kore shar, kamar lafiyarta ƙalau. Na taɓa kibod ɗinta, ko gezau. Daga ƙarshe na danne maɓallin wuta har ta mutu, na sake kunnawa. Kafin kowa ya koma inda yake mun ci minti 40, wanda bai adana aikinsa ba kuma ya yi asararsa.

Zafi na ɗora wa laifin. Wannan bazarar ta Daura ko ƙarfe ba ta ragawa, ga ƙura ta toshe ragar bayan na'urar.

Bari in rubuta yadda wurin nan yake, saboda wanda zai gaji littafin nan bayana. Kujeru 24 ne a cibiyarmu, kowace da tsohuwar kwamfutar cinya da ba ta da wani ƙarfi. Aikin gaske yana gudana ne a cikin saba ɗaya, ta hannu, wadda Alhaji, mai cibiyar, ya sayo a titin Beirut na Kano a farkon 2015. A cikinta akwai manhajar KVM da QEMU, su ne suke yanka ta su fitar da kwamfutoci 26, kowace tana zaton ita kaɗai ce a duniya, da faifanta da ƙwaƙwalwarta. Masu sana'ar suna kiran babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Baƙi 24 na ɗalibai ne, ɗaya na jarrabawar gwaji, ɗaya na lissafin kuɗin cibiya. Alkawarin tsarin shi ne duk ɓarnar da baƙo zai yi, a ɗakinsa za ta tsaya. Shi ya sa nake ba kowane ɗalibi cikakken iko a kan nasa baƙon: ya goge, ya lalata, ya sake ginawa, da haka ake koyo.

Lahadi, 11 ga Mayu

Babu aji. Na kwance murfi, na busa ƙura, na sa sabon man sanyaya a kan furosesarta biyu. Na bar manhajar gwajin ƙwaƙwalwa tana aiki tun hantsi har bayan isha'i, ba ta samu kuskure ko ɗaya ba. Na kwanta da tunanin an wuce wurin.

Litinin, 12 ga Mayu

Ba a wuce ba, kuma yau abin ya yi mini ciwo.

Wata malamar sakandare ta kawo 'yan mata 18 daga Zango domin su koyi jarrabawa a kwamfuta kafin shekara mai zuwa. Galibinsu yau suka fara ɗora hannu a kan linzami. Iyayensu ne suka haɗa kuɗin mota da na zama, awa biyu aka biya. Na ba su kujeru 18, na bar ɗalibanmu shida a gefe suna aikinsu. Sai da muka ci rabin awa kafin hannayensu su daina rawa. Sun shiga tambaya ta goma ke nan na jarrabawar gwaji sai allon kowa ya daskare.

Na kashe na kunna. Baƙon jarrabawa ya ƙi tashi, domin an yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu a faifai, sai da na yi ta lallaɓa shi. Kafin ya dawo direba ya fara danna ham a waje.

Malamar ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Malam, ni ban san me zan gaya wa iyayensu ba.” Wata ƙarama a cikinsu ta matso ta tambaye ni a hankali ko ita ce ta ɓata, wai ta danna wani maɓalli bisa kuskure. Na rantse mata ba ita ba ce. Ban ga alamar ta yarda ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na daina zargin zafi. Jiya da sanyin safiya abin ya faru, fankar ɗaki na aiki, inbata cike.

Na zauna da kundin da mai masauki yake rubuta abin da ke faruwa da shi. A ranakun biyu saƙo iri ɗaya ne a ƙarshen shafi: ɗaya daga ƙwayoyin furosesa ta daina amsa kira, sauran suna jiranta, sai rubutun ya yanke. Haka abin yake tafiya. Ƙwaya ɗaya ce take maƙalewa, amma akwai ayyukan da sai dukkansu sun amsa kafin a ci gaba, don haka ɗaya bayan ɗaya suke tsayawa jiran wadda ba za ta dawo ba.

Daga nan na duba abin da ya kamata in duba tun ranar da na karɓi aikin nan shekara uku da suka wuce, wato shekarun manhajar. Ubuntu 14.04 ce, wadda ta fito a Afrilun 2014, aka daina ba ta faci kyauta a Afrilun 2019. Tamu kuwa ko na lokacin da ake bayarwa ba ta samu ba. Tun da aka ɗora ta daga faifai a 2015 ba a taɓa sabunta ta ba. Wanda ya kafa ta ya raba ta da intanet da gangan don kada a shigo mata daga waje, ni ma na gaji wannan kwanciyar hankalin ban tambayi kaina komai ba. Ban taɓa tunanin cewa kullum ina buɗe wa mutum 24 ƙofa daga ciki ba.

Na kwana a waya ina karanta kurakuran da aka gano a KVM da QEMU tun daga 2015. Yau shekara goma cif da sanar da wanda ake kira VENOM, wato dafi, ranar 13 ga Mayu, 2015. Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ne ya gano shi, a cikin ɓangaren QEMU da ke kwaikwayon na'urar karanta fulofi, wannan ƙaramin faifan da ɗalibaina ba su taɓa gani da ido ba. Kuskuren yana kwance a wurin tun 2004, kuma ya shafi KVM da sauran manhajoji irinta, Xen da VirtualBox. Baƙo zai iya tura wa fulofin ƙarya saƙon da ya fi ƙarfin ma'ajiyarsa, ya kashe kansa, ko ma ya tsallaka zuwa ɗakin mai masauki. Sabarmu tana ɗauke da wannan ramin har yau. Sai dai alamunsa ba su yi daidai da namu ba, domin mu gidan gaba ɗaya ne yake kullewa.

Laraba, 14 ga Mayu

Da rana labari ya cika wayoyi. Shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tara 'yan jarida a Bwari ya amsa cewa an samu kuskure a jarrabawar bana, har ya zub da hawaye. Ɗalibai 379,997 abin ya shafa, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma za su sake zama daga jibi. Bayanin da aka yi shi ne akwai wani faci da aka yi wa manhajar jarrabawa, amma bai hau wasu sabobin yadda ya kamata ba. Ciwonsu daban da nawa, ba ruwansa da baƙo da mai masauki. Amma na daɗe ina kallon lambar nan. Gyara yana nan, an riga an rubuta shi, bai dai isa inda ake bukatarsa ba.

Bayan magariba na samu abin da nake nema. A Nuwamban 2015 an sanar da wasu kurakurai biyu 'yan uwan juna, CVE-2015-5307 da CVE-2015-8104. Ben Serebrin na Google ne ya gano na farko, Jan Beulich na SUSE na biyu. Tushensu yana cikin ginin furosesa kanta, shi ya sa suka shafi Xen da KVM da Hyper-V na Microsoft baki ɗaya.

Ga yadda na fahimci na farkon. Idan manhaja ta yi wani ƙaramin kuskure, furosesa takan dakata ta kai rahoto wurin mai kula da kurakurai, sannan ta ci gaba. To baƙon da yake da cikakken iko a ɗakinsa zai iya tsara abubuwa ta yadda kai rahoton ma zai haifar da irin wannan kuskuren. Sai ta tashi kai rahoton na biyu, shi ma ya haifi na uku, haka har abada. Kamar ɗan aiken da aka ce duk lokacin da ya yi tuntuɓe ya dawo ya faɗa, sai aka ajiye dutse a bakin ƙofar da zai shiga ya faɗa ɗin. Inda abin ya fi muni shi ne mai masauki yakan karɓe furosesa daga hannun baƙo ne a tsakanin umarni da umarni. A wannan zagayen kuwa umarni ba ya ƙarewa, saboda haka babu tsakanin da zai sa hannu. Maganin da aka yi ɗan kaɗan ne: aka sa mai masauki ya riƙa tare irin waɗannan rahotanni biyu da kansa kafin su isa ga baƙo. Layuka ƙalilan, suna nan kyauta shekara tara da rabi.

Wannan irin kuskure sunansa hana aiki. Ba ya satar komai, ba ya leƙa asirin kowa, tsayar da hidima kawai yake yi.

Saura in san wane baƙo ne. Na jera lokutan. Ranar Asabar da ranar Litinin, baƙo na 17 an sake tayar da shi ƙasa da minti ɗaya kafin komai ya tsaya.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai kujera ta 17 yaro ne ɗan shekara 19 daga Sandamu, wanda ya fi kowa ƙwazo a ajin. Kullum shi ne na ƙarshen fita. Na bari aka tashi, na ce ya tsaya ya taya ni naɗe wayoyi.

Ban kai ga gama tambaya ba idonsa ya cika. Ya ce wata uku ke nan yana koyon rubuta 'yar ƙaramar manhajar da take tayar da kwamfuta da kanta, yana gwada yadda furosesa take kai rahoton kurakurai. Ya ci karo da bayanin wannan kuskuren, ya kwaikwayi abin da aka kwatanta don ya gani. Ranar Asabar bai danganta tsayuwar da aikinsa ba, shi ma zafi ya zarga. Ranar Lahadi zuciyarsa ta fara raya masa. Ranar Litinin ya sake gwadawa don ya tabbatar.

Na ce, “Kana ganin baƙi a ajin, ka sake?”

Ya ce, “Malam, wallahi na ɗauka tawa ce kaɗai za ta mutu. Ku kuka ce mana duk abin da muka yi a ciki ba ya fita.”

Ni na faɗa musu haka, a ranar farko, a gaban allo. Na faɗa da yaƙini, ban kuwa taɓa duba ko bangon da nake yi musu alkawarinsa yana tsaye ba.

Duk da haka na nuna masa nasa laifin, domin yana da shi. Tun da ya yi zargi ranar Lahadi, wurina ya kamata ya zo. Na gaya masa dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta hana kwamfuta aiki da gangan, kuma a wani wurin ba za a tsaya tambayar niyyarsa ba. Na kuma gaya masa yadda waɗanda suka gano kuskuren suka yi: a asirce suka sanar da masu manhajar, aka rubuta faci, aka raba wa manyan masu amfani, sannan aka fito da labarin. Ya saurara kansa a ƙasa. Da zai tafi ya tambaya ko za a kore shi. Na ce sai na ga Alhaji.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta wajen rijiyar Kusugu a ƙafa, don in samu lokacin tsara abin da zan faɗa wa Alhaji. Tun ina yaro nake jin labarin rijiyar nan, amma yau wani gefe nasa ya tsaya mini a rai. A yadda ake ba da labarin, macijin da ke cikinta bai shanye ruwan ba, bai kuma gurɓata shi ba. Zama kawai ya yi a ciki, ya hana mutanen gari ɗiba sai ranar Juma'a. Ruwa na nan, guga na nan, ƙishirwa na nan. Kuma mutanen da suka riƙe labarin nan ƙarni bayan ƙarni sun ɗauki wannan hanin a matsayin masifar da wanda ya kawar da ita ya cancanci auren sarauniya.

Na faɗi haka ne saboda a ma'aunin da masana tsaro suke auna kurakurai, na hana aiki yakan zo ƙasa da na sata ko na ƙwace iko. Na fahimci dalilinsu. A inda kamfani yake da sabobi dubu, idan ɗaya ta kulle sai baƙinta su tashi a wata, mai amfani ko ƙiftawa bai gani ba. Mu ɗaya gare mu. Idan ta tsaya, aji ya tsaya, lissafi ya tsaya, kuɗin motar da aka haɗa a Zango ya tafi. Ma'aunin da aka yi domin mai dubu bai san wannan asarar ba, kuma ni ban yarda ƙarama ce ba.

Na samu Alhaji a zaure bayan la'asar, ana maganar tsadar raguna, Babbar Salla saura mako uku. Da aka watse na gaishe shi na faɗa masa komai, na fara da nawa sakacin.

Maganarsa ta farko a kori yaron. Na ce, “Ranka ya daɗe, idan an kore shi ramin yana nan. Gobe wani zai faɗa, wataƙila wanda ba zai amsa ba idan an tambaye shi.”

Ta biyu ita ce wadda na fi tsoro. Ya ce na'urar nan shekara goma tana aiki ba wanda ya taɓa ta, yanzu ina so in goge ta in zuba sabuwar manhaja, idan ta ƙi tashi fa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsoronsa ba na banza ba ne, ga abin da ya faru da JAMB a makon nan. Faci ma yana kashe gida idan aka yi shi da gaggawa.

Na ba shi labarin Amazon. A ƙarshen Satumban 2014 an gano wani kuskure a Xen, manhajar da suke raba sabobinsu da ita a lokacin. Kafin a bayyana shi ga duniya ranar 1 ga Oktoba, sai da suka kashe suka kunna kusan kashi 10 cikin 100 na sabobin da suke ba mutane haya, bayan sun sanar da kowa rana da lokaci. Kamfanin Rackspace ma haka ya yi. Na ce masa tsayawa dai za a tsaya, zaɓin da ya rage mana shi ne mu tsaya ranar da muka zaɓa ko ranar da muke da baƙi daga Zango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya yi shiru, sannan ya tambayi kuɗin. Faifan ajiya na waje ɗaya, data, da man janareta na kwana biyu. Ya ce in je in yi. Yaron kuma ya zauna, amma ya riƙa share ɗakin saba har ƙarshen zango, kuma ya zo da mahaifinsa.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ba da hutu. Na sauke Ubuntu 24.04, kusan giga 3, sau biyu yana yankewa kafin ya kammala da tsakar dare. Kwafe baƙi 26 zuwa faifan waje ya ci yinin gaba ɗaya. Ban yarda da kwafin ba sai da na tayar da baƙon lissafi daga cikinsa a kwamfutata na ga kuɗin watan jiya daidai.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na yi bisimilla na goge tsohuwar manhaja da ƙarfe 8 na safe. Sabuwar ta hau lafiya. Baƙi 23 sun tashi ba gardama, uku sai da na gyara musu saitin katin sadarwa. Na cire fulofin ƙarya daga kowane baƙo, da duk wata na'urar kwaikwayo da ba ma amfani da ita. Na kuma ƙayyade wa kowanne iyakar ƙwaƙwalwa da faifan da zai ci, domin baƙo mai haɗama ma yana iya hana sauran aiki ko babu wani kuskure.

Sabuwar manhajar tana da wurin da take jera cututtukan furosesar da take zaune a kai. A ciki na ga wani da ban sani ba sai makon nan, CVE-2018-12207, wanda Intel ta bayyana a Nuwamban 2019. Shi ma baƙo ne yake iya rikita furosesa har na'urar ta tsaya gaba ɗaya. A gabansa an rubuta cewa an ɗauki matakin kariya. Kariyar tana ɗan rage gudu, na kuma yarda da wannan farashin.

Ina ta tunanin sauran ɗakunan ciki irin nawa. Daura ta yau tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, tana da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan. Daga Mai'aduwa zuwa Baure cibiyoyin kwamfuta sai ƙaruwa suke yi, kuma mai ƙaramin jari dole saba ɗaya zai saya ya yanka ta. 'Yan uwana masu wannan sana'a, ku shiga ɗakin ciki ku duba shekarar manhajar mai masaukinku. Raba ta da intanet bai isa ba matuƙar akwai wanda yake zaune a kujera da cikakken iko a kan baƙonsa.

Litinin, 19 ga Mayu

Kafin a buɗe aji na kira yaron, mu biyu kawai. Na ce ya sake tayar da abin nasa. Hannunsa na rawa ya danna. Baƙo na 17 ya kama zagayensa, ya cinye rabon da aka ba shi na furosesa, sauran 25 kuwa suna aikinsu. Daga kujerata na kashe shi da umarni ɗaya, ya mutu shi kaɗai. Yaron ya daɗe yana kallon allon. Na ba shi aikin rubuta bayanin abin da ya faru da Hausa, shafi biyu, zai karanta wa aji ranar Alhamis.

Na rubuta a bangon ɗakin saba da alli: sabuntawa, Lahadin farko ta kowane wata, bayan an yi kwafi.

Alhaji ya ce a kira malamar Zango a ba su awa biyunsu kyauta. Sun iso ƙarfe 10, sun yi jarrabawar gwaji daga tambaya ta farko har ta ƙarshe. Na nemi ƙaramar nan da ta ɗauka ita ta ɓata, don in nuna mata ainihin abin da ya faru, ban gan ta ba. 'Yan mata 15 ne suka zo. Malamar ta ce sauran ukun iyayensu ba su samu kuɗin mota karo na biyu ba.